Idan guguwa ko gobara ta taɓa gidanka, ga yadda zaka yi magana da kamfanin inshora

Daren da guguwar farkon damina ta yaye rufin gidan yayana a Zariya wajen ƙarfe biyu ya kira ni, muryarsa na rawa, ina jin ƙarar ruwa a bayansa kamar a tsakar gida yake tsaye alhali a falo yake. Kwano ya tashi har da rafta ta ɓangaren falon da ɗakin matarsa, silin ya sha ruwa ya rufto kan kujeru, Allah dai ya tsare babu wanda ya ji ciwo. Kafin in iso da safe maƙwabta sun cika gidan ana ta jaje, wani ya riga ya tafi kiran kafinta, yara sun fara jawo kwanukan da iska ta watsar har bayan layi wai za a kai wa 'yan gwangwan. Na ja shi gefe na ce Yaya dan Allah a dakata tukunna, ba kai ka ce min gidan nan yana da inshora ba tun lokacin da ka ci bashin banki ka ƙarasa shi? Ya yi shiru ya dube ni, ya ce wallahi ƙanina na ma manta.

Ba shi kaɗai ke wannan mantuwar ba. Da yawa cikin masu inshorar gida a wajenmu ba da ƙafarsu suka je suka nema ba, banki ne ya gindaya musu sharaɗi lokacin bashin gini, ko a wajen aiki aka haɗa musu, ko wani ejan ya yi ta sintiri har suka biya don ya sarara musu, daga nan takardar ta shige ƙasan akwati. Ranar da abu ya faru mutum bai san wa zai kira ba, bai san me zai ce ba, kuma abinda ya fi damuna sai ka ga mutum yana jin nauyin neman haƙƙinsa kamar bara ya je yi. Ba bara ba ce ɗan'uwa. Kuɗinka ka biya, alkawari aka ƙulla a rubuce, kuma tawakkali bai hana ka karɓar abinda yake naka ba. Abinda nake so ka riƙe tun daga nan shi ne kamfanin inshora ba ya cikin masu zuwa jaje, bai ga ruwan da ya cika maka ɗaki ba, bai shaƙi ƙaurin hayaƙi ba, fayil kawai yake gani, duk abinda bai shiga fayil ɗin nan ba to a wajensu bai faru ba ko da duk unguwa zata yi rantsuwa a kai.

Shi ya sa da zarar an tabbatar kowa lafiya, an katse wutar gidan daga mita, an fitar da tukunyar gas, to waya zaka ɗauka kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa. Ka fita waje ka ɗauki gidan daga nesa yadda za a ga ƙofar gida da layin, sannan ka shigo ɗaki ɗaki, kowane ɗaki hoto daga bakin ƙofa sannan na kusa. Ka yi bidiyo kana tafiya kana magana, ka faɗi ranar da lokacin, ka ce nan falo ne, nan silin ya faɗo, wannan talabijin ce ruwa ya shiga. Idan ambaliya ce kar ka bari a goge shatin da ruwa ya bari a jikin bango, ka kafa tef ɗin awo ko ka tsayar da wani a jikinsa ka ɗauka. Firiji, talabijin, inbata, janareta, ka juya bayansu ka ɗauki ƴar takardar nan mai ɗauke da lamba. Sannan ka tura hotunan zuwa imel ɗinka ko wayar wani naka a ranar, waya na iya faɗawa ruwa ko a sace ta a cikin wannan hayaniyar.

Kuma kar a zubar da komai, kar a sayar, kar a kyautar. Na san da wuya, katifa ta jiƙe tana wari, kujeru sun kumbura, maƙwabci yana cewa a ba shi ragowar kwanon ya rufe akurkin kaji kana jin kunyar hana shi. Ka ba shi haƙuri ka ce sai masu inshora sun zo sun gani. Dalili biyu ne, na farko shaida ce, na biyu kuma idan sun biya ka cikakken kuɗin abu to ragowarsa tasu ce, ko su ɗauke ko su cire kimarta daga kuɗinka. Mu a gidan Yaya a gareji muka tara komai, har guntayen silin ɗin. Abinda dole sai an zubar saboda lafiya, kamar abinci da ya lalace, a ɗauke shi hoto a ƙirga buhunan tukunna.

Daga nan ka tono takardar inshorar. Ba sai ka karanta ta duka a ranar ba, akwai shafi ɗaya ko biyu a gaba da ke ɗauke da sunanka, lambar yarjejeniyar, adireshin gidan, ranar da ta fara da ranar da zata ƙare, jimlar kuɗin da aka yi wa gidan inshora a kai, da irin masifun da ta ƙunsa. Fara da duba ranakun da rasit ɗin biya, domin a Najeriya ƙa'ida ce idan ba a biya kuɗin shekara ba babu kariya, an rubuta ta a dokar inshora ta 2003 kuma hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta fara tsananta aiki da ita tun farkon 2013, to maganar ai mun saba zan biya daga baya bata aiki. Sai ka duba gini kawai aka yi wa inshorar ko har da kayan cikin gida, abu biyu ne daban, wanda banki ya yi masa yawanci ginin ne kawai saboda shi ne jinginarsu. Sannan ka duba gobara ce kaɗai ko an haɗa da guguwa, ambaliya, fashewar tankin ruwa ko bututu, tarzoma, mota ta daki katanga. Wannan layin ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya ga yadda ruwa ya shanye Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko abinda ya faru a Mokwa ƙarshen Mayun 2025, ya san takardar da ta ce gobara kawai ba zata yi wa mai gida komai ba a irin wannan ranar. Sata kuma yawanci sai an ga alamar fasa ƙofa ko taga da ƙarfi suke karɓa.

Ka sanar da su a ranar, in ya yi nisa washegari. Kusan kowace takarda tana cewa a sanar nan take, sannan ta ba da wasu kwanaki ƙididdigaggu na kawo cikakken bayani a rubuce, ka nemo adadin a taka ka rubuta shi a bango in ta kama. Mu da al'adarmu sai an gama karɓar jaje kwana uku, an huta, an yi shawara da dangi, to kwanakin nan suna cikin lissafi. Idan ta hannun buroka, wato dillalin inshora, ka yi inshorar shi zaka fara kira, buroka mai rajista wakilinka ne kai, aikinsa ne ya bi maka. Ejan kuwa na kamfani ne, yana iya zama mutumin kirki ɗan unguwarku amma gaya masa a bakin masallaci ba sanarwa ba ce. Ka kira sashen biyan diyya na kamfanin da kanka, ka tambayi sunan wanda ya ɗauka, ka ce a ba ka lambar fayil, ka tambaye shi wane takardu suke buƙata, yaushe zasu turo mai duba ɓarna, kuma wane imel zaka tura komai.

Kana ajiye waya ka rubuta. Wannan shi ne ƙashin bayan duk maganar nan, kowane kira a bi shi da rubutu. Da turanci ake yi musu, in hannunka bai faɗa ba ka sa yaro ko wani amintacce ya rubuta maka amma ka sa a karanta maka ka ji kafin a tura. Gajere ya isa: sunana wane, lambar yarjejeniyata kaza, ina sanar da ku cewa ranar kaza da misalin ƙarfe kaza guguwa ta ɗauke wani ɓangare na rufin gidana da ke adireshi kaza, ruwa ya lalata silin da kayan ɗaki biyu, babu wanda ya ji rauni, na yi magana da ma'aikacinku wane yau da ƙarfe kaza, ga hotuna, cikakken lissafin asara yana tafe, ina roƙon ku tabbatar min kun karɓi wannan saƙon. Shikenan. Kar ka saka adadin kuɗi a wannan saƙon na farko, baka san shi ba tukunna, kuma duk lambar da ka fara furtawa ita zata bi ka har ƙarshe. In wasiƙa ka kai ofis da hannu, ka je da kwafi biyu su buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita. WhatsApp yana da amfani don sauri, amma ka haɗa da imel. Ni littafin makaranta mai shafi 40 na saya wa Yaya, duk kiran da aka yi sai mu rubuta rana, lokaci, sunan wanda aka yi magana da shi, da abinda ya ce zai yi.

Yanzu ga inda bakinmu ke jawo mana. Bahaushe idan baƙo ya zo masa jaje sai ya sassauta abin, ya ce ai ba komai, da sauƙi, dama kwanon ya tsufa, dama na so in canza shi. Wannan magana ce ta ladabi tsakaninmu, amma a kunnen ma'aikacin inshora ma'anarta daban, ka ce masa ke nan tsufa ne ya kayar da rufin ba iska ba, kuma inshora bata biyan lalacewar tsufa da rashin gyara. Haka a gobara, sai ka ji mutum ya ce ina jin dai wayarin ne, ko ƙila yara ne suka bar hita a jone. Kana ji ne ko ka gani? In baka gani ba ka ce ban san musabbabin ba, ga abinda na gani, an kawo wuta da misalin ƙarfe kaza, bayan ɗan lokaci muka ga hayaƙi daga silin ɗin kicin, muna jiran rahoton 'yan kwana-kwana. Ka faɗi abinda idonka ya gani da lokacin da ya gani, ka bar masana su faɗi dalili.

Ɗaya gefen kuma ya fi wannan haɗari, wato ƙari. Za a samu mai ba ka shawara ya ce ai kamfani ne, ka ninka lissafin tunda dama sai sun rage, ka saka talabijin ɗin da ta mutu tun bara. Dan Allah kar ka yi. Haram ne da farko, sannan a cikin takardar akwai sharaɗin da ya ce in aka kama ƙarya a neman diyya duk haƙƙin ya faɗi, har na gaskiyar. Mutanen nan aikinsu ke nan kullum, suna gane firijin da wuta ta ci jiya da wanda ya shekara a mace. In kuma akwai abinda kake tsoron su sani, misali kana ajiye jarkokin fetur na janareta a cikin gida, ko ka mayar da ɗakin waje shago baka gaya musu ba, ko gidan ya fi wata a rufe babu kowa, to in an tambaye ka ka faɗi gaskiya, amma kafin nan ka zauna da buroka ko lauya ku duba abinda takardar ta ce a kai, sau da yawa abin bai kai yadda kake tsoro ba musamman in ba shi da alaƙa da abinda ya jawo ɓarnar.

Gyara kuma iri biyu ne kar ka haɗa su. Akwai na tsayar da ɓarna, wannan wajibi ne a kanka, ka sayo tamfol a rufe inda ya buɗe, a kwashe kayan da suka tsira zuwa busasshen ɗaki, a toshe bututun da ya fashe, a sa ƙofar wucin gadi saboda ɓarayi. In ka naɗe hannu ruwa na biyu ya zo ya ƙarasa abinda ya rage zasu iya cewa wannan sakacinka ne. Ka ajiye rasit ɗin komai, ko mai shagon ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu da lambar wayarsa. Gyara na dindindin kuwa, sabon rufi, sabon wayarin, fenti, kar ka fara sai sun zo sun gani ko sun ba ka izini a rubuce. In suna jan ƙafa ga damina ta kankama ga iyali a rakuɓe gidan maƙwabta, ka rubuta musu ka ce yau kwana kaza da sanarwa babu wanda ya zo, hadari na haɗuwa kullum, in ba a zo ba zuwa rana kaza zan fara rufi don kare ragowar gidan, duk abinda aka cire zan ajiye muku. Irin wannan saƙon yana tayar da mutum daga kujera.

Takardun hukuma ka fara binsu da wuri don suna cin lokaci. Gobara, rahoton hukumar kashe gobara ta jiha ko ta tarayya, ko da maƙwabta ne suka kashe wutar da bokiti kafin motar ta iso ka je ka kai rahoto su zo su duba. Sata ko ɓarnar tarzoma, rahoton 'yan sanda. Guguwa da ambaliya, ka ɗauki hoton gidajen maƙwabta da bishiyoyi da turakun lantarkin da suka faɗi, in jarida ko gidan rediyo sun kawo labarin ka ajiye, in hukumar agajin gaggawa ta jiha ta zo ta rubuta sunaye ka tabbatar naka ya shiga. Kwafi zaka ba kamfani, asalin ya zauna a hannunka.

Lissafin kayan cikin gida kuwa, in inshorarka ta haɗa da su, maigida ka sauke girman kai ka ba uwargida biro. Kai baka san kwanuka nawa ne a kabad ba, baka san atamfa da leshi nawa ne a akwati ba, kuma yawancin kayan ɗakin nata ne, iyayenta suka yi mata. Matar Yaya a tabarma ta zauna a gareji tana faɗa ina rubutawa, gado da katifa, sif, madubi, kafet, labule, keken ɗinki, tana faɗin shekarar da aka saya da kasuwar da aka sayo, wani abin sai ta tsaya ta share ido domin mahaifinta da ya saya mata ya rasu. Rasit babu ko ɗaya. Abinda ya cece mu hotunan jere ne na bikinta da na sunan ɗansu da aka ɗauka a falon, ga kujerun ga talabijin ga labulen a bayan mutane, da alat ɗin banki na wasu kayan da aka biya ta tiransifa. Kowane abu layinsa daban, sunansa, adadi, shekarar saye, farashinsa a kasuwa yau. Gwal da tsabar kuɗi kar ka sa rai sosai, yawanci kuɗi ba ya ciki, sarƙa da ɗan kunne kuma sai in an ambace su tun farko ko a biya ɗan wani kaso mai iyaka.

Na gini kuma ka samo kiyasi a rubuce daga wajen mutum biyu ko uku, ba irin na kafinta ya kalli sama ya ce Alhaji kawo miliyan uku ba. A rarrabe shi, bandir nawa na kwano kuma wane kauri, katako nawa, ƙusa, silin, wayarin, fenti, kuɗin aiki, kuɗin kwashe ɓaraguzai. In ɓarnar babba ce ka biya masanin kiyasin gini ya yi maka, kuɗin da zaka ba shi ba asara ba ce.

Sai ranar zuwan ajasta, wato mai kiyasta asara da kamfani ke turowa. Ka san matsayinsa, ƙwararre ne mai lasisi, ana sa ran ya yi adalci, amma kamfani ne ya ɗauko shi kuma shi zai biya shi, rahotonsa kuma shi ne kusan komai. Ba abokin gaba ba ne, ba kuma lauyanka ba ne. Ka kasance a gida da kanka, kar ka bar wa maigadi ko yaro, ka gayyato wanda ya yi maka kiyasi ya tsaya kusa. Ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, amma kar ka yi masa tayin na goro, yana iya ɓata maka fayil gaba ɗaya, in kuma shi ya nema ka rubuta wa kamfanin. Ka zagaya da shi ko'ina, ka nuna masa abinda ido baya gani da sauri. Namu ya gama zagaye yana shirin rufe littafi, Yaya ya ce to Yallaɓai mun gode, sai kafintan ya ce ranka ya daɗe a ɗan hau sama tukunna, aka kafa tsani, ashe raftocin ɗakin da muke ganin ya tsira duk sun tsage daga inda aka ɗaure su. Da bai hau ba da babu su a rahoto. In ya rubuta bayaninka ya ce ka sa hannu, karanta, in akwai kalmar da ba haka ka faɗa ba a gyara, sannan ka ɗauki hoton takardar. Da yamma ka tura masa imel ka lissafo abinda kuka duba tare da abinda ya ce ka kawo.

Lokacin da tayinsu ya zo kusan kullum zai gaza abinda ka nema, kafin ranka ya ɓaci ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, domin ragin kala uku ne kuma ba duka ne zalunci ba. Akwai ekses, wani kaso da aka rubuta tun farko cewa kai zaka ɗauka a kowace asara. Akwai ragin tsufa, kujerar shekara 8 ba za a biya ta kuɗin sabuwa ba sai in takardarka ta ce sabo a madadin tsoho. Sai babban, wanda suke kira abarej, shi ne ke kayar da mutane. Misali ka yi wa gida inshorar naira miliyan 20 shekarun baya, yau sake gina shi sai miliyan 40, to a lissafinsu rabin gidan ka yi wa inshora, in ɓarnar miliyan 10 ce miliyan 5 zasu ba ka. Ka tuna buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 a 2022 ya kai wajen 10,000 a 2024, ka ga duk wanda bai ɗaga adadin inshorarsa ba wannan ramin na jiransa. Abinda zaka iya jayayya a kai shi ne kimar da suka yi wa gidan, kuɗin sake gini ake nufi ba kuɗin sayarwa ba, fili baya ciki domin fili baya ƙonewa, in ka ga sun kumbura kimar ka kawo lissafin masaninka.

Jayayyar ma a rubuce, layi bayan layi. Ba ka ce wannan kuɗin ya yi kaɗan ku ji tsoron Allah ba, ka ce a layi na 4 kun sa bandir ɗin kwano kaza, ga rasit ɗin farashi daga dila biyu na wannan satin, a layi na 9 kun cire wayarin gaba ɗaya ina so a nuna min sashen da ya ce a cire. In sun ƙi biya ɗungurungum ka ce su ba ka dalili a rubuce tare da lambar sharaɗin da suka dogara da shi. Zagi da ihu a ofis ba ya ƙara ko kwabo, yarinyar da ke kan tebur ba ita ke yanke hukunci ba, ka riƙe ta da kyau ita ce zata gaya maka teburin da fayil ɗinka ya kwana.

Akwai takardar da zasu miƙo maka a ƙarshe, disicaj bauca, takardar sallama ke nan, tana cewa ka karɓi wannan kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Nan ne gajiya ke sa mutane sa hannu, wata biyu ana zirga-zirga, bashin kafinta a wuya, sai ka ce a ba ni ko nawa ne in huta. Ka kai ta gida ta kwana. Ka duba adadin ya yi daidai da wanda kuka amince, ka duba sunan wanda za a biya domin in akwai bashin banki a kan gidan ana iya tura kuɗin ta wajen bankin, gara ka je ku yi magana da su tun kafin nan. Kar ka taɓa sa hannu a wadda ba a cike gurbin kuɗin ba. In wani ɓangare kun daidaita wani kuna jayayya, ka nemi su fara biyan wanda babu saɓani a kai a rubuta cewa biyan wucin gadi ne.

In ka sa hannu kuma shiru, ko tun farko sun yi biris da kai, akwai matakala. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan takardar sallama, ta kuma wajabta masa bayyana dalili a rubuce in ya ƙi, sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ita ta maye gurbinta kuma ta ƙara matsa wa kamfanoni kan biyan diyya a kan lokaci. Ka fara da rubuta wa shugaban sashen diyya, sannan manajan darakta, ka jero ranakun nan da ke cikin littafinka ɗaya bayan ɗaya, ka ba su wa'adi. Bai yi ba, ka kai ƙorafi NAICOM, hedikwatarsu na Garki a Abuja kuma suna da sashen karɓar koke-koken masu inshora, ka haɗa kwafin takardar inshora, rasit, duk saƙonnin, da tayin da aka yi maka. Kotu tana nan a ƙarshe, amma ka duba takardarka, da yawa suna cewa saɓani kan adadin kuɗi sai an fara kai shi gaban mai sulhu.

Masu takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz Takaful ko Noor Takaful, hanyar duk ɗaya ce, sanarwa, fom, ajasta, takardar sallama, kuma NAICOM ɗin ce dai ke kula da su tun ƙa'idojin da ta fitar a 2013. Bambancin shi ne kuɗin daga asusun taimakon juna na mahalarta yake fitowa, to wanda ya ƙara lissafi a nan 'yan'uwansa ya cuta kai tsaye. Ɗan haya kuma ka sani inshorar mai gida bata rufe kayanka ba sai in kai ka yi taka.

Na Yaya sai da muka mayar da tayin farko, aka ƙara kuɗin raftocin nan da na tamfol, abarej kuma ya ci nasa kason babu yadda muka iya domin tun shekarar da aka gama ginin ba a taɓa adadin ba. Da lokacin sabuntawa ya zo mun kira mai kiyasin ya sake auna gidan aka ɗaga adadin, matarsa kuma ta bi ɗakunan da waya ta ɗauki bidiyon komai har cikin kabad, takardar inshorar da littafin nan mai shafi 40 yanzu suna cikin leda a saman sif, kwafinsu kuma yana wajena.